Ranar da Baƙin Darakta Suka Yi Shiru

A wata ƙaramar hukuma da ba zan kama sunanta ba, don mutanenta suna karanta jarida, an yi wani daraktan ayyuka da ake kira Alhaji Maiwada. Duk wanda ya taɓa zuwa neman sa hannunsa zai rantse maka bai taɓa ganin mutum mai yawan baƙi kamarsa ba. Daga ƙarfe tara na safe har bayan la'asar ofishinsa a kulle yake, maganganu na tashi daga ciki, ana ta muhawara kamar za a raba ƙasa. Abu ɗaya ne kawai ba wanda ya taɓa gani: shigar baƙin nan ko fitarsu.

Cikin masu sintiri a ƙofarsa a wannan shekara akwai Malama Tasalla, shugabar wata makarantar firamare a ƙauyen da sai ka yi awa ɗaya da rabi a motar haya kafin ka isa. Shekararta talatin da ɗaya tana riƙe da alli. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, amma malaman da suka yi aiki a ƙarƙashinta sun ce gara ta yi maka faɗa da ta dube ka ta saman tabarau.

Guguwar farkon damina ce ta yaye mata rufin azuzuwa biyu. Ta rubuta takarda, aka amince, har aka sayo kwano bandir shida aka jibge a sito. Da idonta ta gan shi. Abin da ya rage kawai Darakta ya sa hannu a takarda guda, mai sito ya buɗe ƙofa. Kafin nan yara kusan ɗari suna karatu a gindin bishiyar bedi, da zarar hadari ya haɗo kuma sai ta kore su gida.

Zuwanta na farko ta tarar da benci biyu cike da mutane, ga sakataren Darakta, wani siririn mutum mai suna Malam Tanimu, yana tsare da ƙofa a bayan tebur.

Ta ce, "Malam, Darakta nake son gani. Sa hannu ne kawai, ko zama ba zan yi ba."

Ya ce, "Yallaɓai yana ganawa da baƙi daga jiha. Ba kya jin su?"

Ta kasa kunne. Lallai kuwa ana magana. Wani yana zancen tattalin arziki, wani yana katse shi, wani na uku yana roƙon a bar kowa ya kai ƙarshen bayaninsa. Ta samu gefen benci ta zauna. Sai wajen ƙarfe huɗu ƙofar ta buɗe, Darakta ya fito cikin babbar riga yana share wuya da hankici.

"Wash! Yau mutanen nan sun tsotse ni. Ku yi haƙuri jama'a, sai gobe in Allah ya kai mu."

A ranar har tausayinsa ta ji. Ita ce ma ta fara ce masa Allah ya ba da lada.

Zuwa na biyu haka aka yi. A zuwa na uku tana zaune tana jan carbi, sai ta ji baƙin jiha sun bar zancen kasafi sun kama waƙa, har da kiɗa, ana yabon wani sabulun wanki mai fitar da datti ba wahala.

Ta dubi sakatare ta saman tabarau. "Malam Tanimu, manyan nan na jiha har tallar sabulu suke yi?"

Ya ce, "Wayar ɗaya daga cikinsu ce ta yi ƙara."

"To. Allah ya sa ya ɗauka."

A zuwa na huɗu ta zagaya bayan ginin neman famfon alwala. Can ta ga wata 'yar ƙofar ƙarfe a daidai bayan ofishin Darakta, ga sawun tayar mota, ba motar. Wata mata mai suyar awara a wurin ta ce mata, ba tare da an matsa mata ba, "Darakta kike jira? Ai tun ɗazu ya wuce gonar kajinsa. Kullum haka yake. Sai ya dawo ne yake sayen awara."

Nan Malama ta gane komai. Mutumin zai zo da safe ya gaisa da kowa da ƙarfi don a shaida zuwansa, ya shiga, ya murza mukulli, ya kunna talabijin a tashar da ake muhawara, ya ƙure murya, ya sulale ta baya. Da yake an saka wa ofishinsa sola, wuta ba ta ɗaukewa, baƙinsa ba sa gajiya. Ta yi alwalarta, ta dawo benci, ba ta ce wa kowa komai ba. Ta daɗe a aikin gwamnati, ta san in ka fito ka ce babba yana ƙarya, fayil ɗinka ne zai ɓata, ba shi ba. Amma a motar komawa gida haƙoranta kawai take cizawa, don tun daga nesa ta hango yaranta suna gudu da littattafai a ka, ruwa na dukansu.

Zuwa na shida ya faɗo ranar Litinin. Gabas ta yi baƙi tun safe. Ƙarfe tara saura Darakta ya iso, ya ɗaga wa benci hannu biyu kamar mai neman ƙuri'a, ya shige. Mukulli ya yi ƙara. Ƙarfe tara daidai baƙi suka fara.

Ranar zancen noman rani suke yi. Aka yi goma, aka yi sha ɗaya. Wani tsoho da ke kusa da Malama, wanda ya zo kan maganar kwalbatin unguwarsu, har gyangyaɗi ya fara. Agogon bango na cika sha biyu, wani daga cikin baƙin yana tsakiyar cewa, "Abin da ya kamata gwamnati ta yi shi ne..." sai ɗif. Maganar ta yanke kamar an sa wuƙa.

Benci ya motsa. Kowa ya miƙe yana gyara takardunsa, an ɗauka taro ya tashi. Aka zuba wa ƙofa ido ana jiran fitowar manya. Minti biyar, shiru. Minti goma, ko tari babu.

Tsohon nan ya ce, "Malam sakatare, sun gama ne?"

Malam Tanimu, wanda shi ma bai san abin da ya faru ba, ya ce, "A'a... addu'a suke yi."

Aka ƙara minti goma. Tsoho ya ce, "Wannan addu'a da tsawo take."

"Sun shiga maganar sirri ne yanzu. Ƙasa-ƙasa suke yi."

Malama Tasalla ta lura gumi ya fara tsattsafo masa a goshi, duk da fankar da ke kaɗawa a kansa. Ba ta san me ya kashe talabijin ɗin ba, amma ta san Allah ya kawo mata dama, kuma ba ta da niyyar barinta ta wuce. Ta tashi a hankali, ta je ta kara kunne a ƙofa. Ta ƙwanƙwasa. Ta sake ƙwanƙwasawa. Sannan ta juyo, ta dafe ƙirji da hannu biyu.

"Malam Tanimu, su nawa ne a ciki?"

Ya ce, "Kamar... biyar. Da Yallaɓai shida."

"Mutum shida, ana tsakiyar magana, su ɗauke wuta lokaci guda? Ko numfashi ba na ji! Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a, kuna tsaye? Ɗaki a rufe, tagogi a rufe, wa ya san abin da suka shaƙa? A kira mutane!"

Malam Tanimu ya miƙe ya tare ta. "Malama, don Allah ki zauna, lafiyarsu ƙalau."

"Ka gan su ne? Buɗe mu gani."

"A kulle take ta ciki."

"To ka kira shi a waya."

Ya kira, yana juya wa mutane baya. Wayar ta yi ta ƙara a kunnensa, amma ba a ji ƙararta a cikin ɗakin ba, kuma ba a ɗauka ba. Malama ta ce, "Kun gani ko? Ko waya ya kasa ɗauka. Kai Malam Tanimu, in bayin Allah nan suka cika kana tsare da ƙofa, me za ka gaya wa iyalansu?"

Bawan Allah ya rasa ta inda zai ɓullo. In ya ce ba kowa a ciki, ya tona asirin maigidansa da nasa. In ya ce suna ciki, to ga mutum shida suna mutuwa a bayansa. Ya koma ya zauna, ya sunkuya ƙarƙashin tebur yana ta danna waya.

Kafin ka ce me, baranda ta cika. Ma'aikatan sashen noma, na lafiya, masu shara, direbobi, har mai awara ta baro kaskonta. Wata mata ta fara kuka, ta ce Darakta ne ya sa aka ɗauki ƙaninta aiki. Hayaniyar ta kai har bene, Ciyaman ɗin hukumar da kansa ya sauko yana tambayar me ake ciki. Da aka gaya masa, bai tsaya dogon tunani ba, ya ce, "A ɓalle ta!"

Direbobi biyu suka haɗa kafaɗa. A karo na uku ƙofar ta buɗe, mutane suka ɗura ciki suna salati.

Sanyin na'urar esi ne ya tare su. Ga babbar rigar Darakta a rataye a bayan kujera, ga hularsa a kan tebur, ga kofin shayi ya yi sanyi har ya kama fata a sama. Fayil-fayil sun taru sun kusa kai tsayin mutum a zaune. Talabijin a bango baƙi ƙirin, a ƙarƙashinsa 'yar dikoda da jar fitila ƙarama tana haske. Ba Darakta, ba baƙi. Tsohon kwalbati, da yake mutum ne mai son tabbatarwa, ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya buɗe banɗaki, ya ɗaga labule.

Ya ce, "Ikon Allah. Ko takalmansu ba su bari ba."

Ciyaman ya dubi Malam Tanimu. Malam Tanimu ya dubi silin.

Ana cikin haka aka ji mota ta ci burki a bayan gini. Mukulli ya motsa a 'yar ƙofar ƙarfe. Warin kashin kaji ne ya fara shigowa, sannan Alhaji Maiwada ya biyo shi, ba hula, ba babbar riga, takalmansa sun yi dumu-dumu. Ya ɗaga kai ya ga kusan mutum talatin a ofishinsa, Ciyaman a gaba.

In dai wajen ƙarfin hali ne, a ba shi. Ko gezau bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, lafiya? Yanzun nan na raka baƙi bakin mota. Ko minti biyar ban yi da fita ba."

Ciyaman ya ce, "Mun ɗauka mutuwa kuka yi. An ce kuna cikin magana aka ji ɗif."

Darakta ya saci kallon talabijin, ya ga abin da ya ci amanarsa. Nan take ya samu inda zai juya maganar.

"Wa ya kashe mini talabijin? Labarai na bari a kunne don in riƙa sanin halin da ƙasa take ciki! Wannan maƙarƙashiya ce. Tanimu, wa ya shigo?"

"Yallaɓai, a kulle take ta ciki, sai yanzu aka ɓalle."

"To dikodar ce! Na sani. Jabun kaya aka kawo mini. Ina wannan Nalado? A nemo mini shi yanzun nan!"

Nalado shi ne mai haɗa wa sakatariyar tauraron ɗan'adam, magidanci mai yawan surutu, wanda ya fi son a zagi gyaran gemunsa da a kushe kayansa. Tsohuwar dikodar ofishin ta ƙone ranar Alhamis, shi ya kawo sabuwa ranar Juma'a da hantsi, aka tashi masallaci kafin kowa ya san halinta. Da yake yana can sashen kuɗi yana ɗaura waya, ba a jima ba ya shigo da filaya a hannu.

Darakta ya nuna shi da yatsa. "Kai! Jabu ka kawo mini? Kwana uku da sakawa har ta mutu?"

Nalado ya ajiye filaya. An taɓa shi a inda yake masa ciwo.

"Jabu? Haba Yallaɓai! Wannan ai ita ce sabuwar fitowa, ko a birni ba kowa ke da ita ba. Ba mutuwa ta yi ba, kwanciya ta yi. Ka ga jar fitilar nan? Barci take. Tsarin tattalin wuta ne aka yi mata tun daga kamfani."

"Wane irin barci? Ina fita minti biyar..."

"A'a Yallaɓai, ba ta yi a minti biyar. Sai an yi awa uku cur ba wanda ya taɓa rimot. Kuma ba haka kawai take kashewa ba, tana da ladabi. Sai ta fara rubutowa a allo, manya-manyan baƙaƙe, tana tambaya ko akwai mai kallo. Ta ba da minti biyu. Ko yatsa ɗaya aka ɗora a rimot za ta ci gaba. In ta ji shiru, to ta san ba kowa a ɗakin, sai ta kwanta abinta."

Darakta ya ce, "Kuskure ta yi."

"Wallahi ba ta kuskure. Ƙarfe nawa aka kunna?"

Tsohon kwalbati ya ce, "Tara daidai."

"Ƙarfe nawa ta kwanta?"

Mutum kusan goma suka amsa, "Sha biyu!"

Nalado ya buɗe hannuwa cike da alfahari. "Kun gani? Cif! Bari ku ga yadda take tashi."

Ya ɗauki rimot daga kan tebur ya danna. Jar fitila ta koma koriya, allo ya kawo haske. Sai ga mutum huɗu a jere cikin manyan riguna, da irin muryoyin da duk wanda ke benci ya haddace, wani yana katse wani, mai gabatarwa yana roƙon a bar kowa ya kai ƙarshen bayaninsa.

Tsoho ya ce, "Af! Ga baƙin sun dawo. Sannunku da hanya."

Mai awara ce ta fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Matar da ta yi kuka ɗazu ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Malama Tasalla kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta tsaya a gefe da takardarta a hannu, tana kallon Darakta ta saman tabarau.

Ciyaman bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji Maiwada, in ka wanke takalmanka ka same ni a sama. Amma kafin nan, duk wanda ke da takarda a bencin can ka sallame shi. Ga ni tsaye."

Malama ce ta fara miƙa tata. Darakta ya zauna, ya laluba aljihu ba biro, sai ita ta ciro nata jan biron da take yi wa yara maki da shi ta ba shi. Bai ko karanta ba ya rattaba hannu. Aikin da ta yi zuwa shida a kansa bai ci daƙiƙa biyar ba. Wannan takardar ce ta fito da kwano washegari, kafin mako ya zagayo kafintoci sun rufe azuzuwan, yara suka bar gindin bedi. Shi kuwa Darakta, bayan wata guda aka mayar da shi wani ofis mai ƙofa ɗaya.

Amma ba wannan ne abin da mutanen sakatariyar suka riƙe ba. Abin da har yau ake maimaitawa shi ne abin da ya faru tana shirin fita. Darakta ya rasa wanda zai huce a kansa, ba dama ya taɓa Ciyaman, ba dama ya taɓa jama'a, sai ya koma kan Nalado.

"Kai kuma, kwance tsiyarka ka fita da ita. Yau ɗin nan!"

Nalado ya ce, "Yallaɓai, ba sai an cire ba. In kana so zan shiga cikin saitinta in kashe tsarin, ta yini a kunne ko da kowa ko ba kowa. Sai dai fa za ta yi ta cin wutar gwamnati a banza."

"Na ce ka cire! Ba zan ajiye a ofishina abin da zai kwanta barci a lokacin aiki ba tare da izinin kowa ba. Wane amfani irin wannan yake yi wa gwamnati?"

Malama Tasalla ta kai bakin ɓallalliyar ƙofa. Ta ninke takardarta biyu, ta saka a jaka, ta ja zif, sannan ta waiwayo.

"Haba ranka ya daɗe, ka bar baiwar Allah. Duk ofishin nan ita kaɗai ce in ba ta aiki take daina cin na gwamnati."